Shin Hali Zanen Dutse Ne? Gyaran Ɗabi'a a Kowane Matakin Rayuwa



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne, ko mutum yana iya juya akalar rayuwarsa bayan shekaru sun ja, ta hanyar sauya ɗabi'unsa na yau da kullum. Wannan tambaya ta shafi kowa a cikin wannan zaure. Ta shafi ɗalibin da ya saba barin karatu sai jarrabawa ta ƙarato, ta shafi ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, kana ta shafi dattijon da likita ya ce masa jininsa ya hau, alhali kuwa saura masa shekara biyar ya yi ritaya.

Hausawa sun bar mana maganganu iri biyu a kan wannan al'amari, kuma a ganin farko sai a ce suna karo da juna. A gefe guda sun ce hali zanen dutse, sun kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ɗaya gefen sun ce gemu ba ya hana ilmi. Zan yi ƙoƙarin nuna inda kowace ta yi gaskiya, da inda ya kamata a tsayar da ita, bisa ga abin da malaman da suka gabata suka faɗa, da kuma abin da binciken zamani ya gano.

MENE NE ƊABI'A?

Ya kamata mu fara rarrabe abu biyu da akan haɗa su a baki ɗaya. Akwai halitta, watau abin da aka haifi mutum da shi, kamar saurin fushi ko sanyin rai, son mutane ko son kaɗaici. Akwai kuma sabo, watau aikin da mutum ya maimaita har ya zama yana yin sa ba tare da ya tsaya ya yi shawara ba. Wanda ya tashi da safe ya lalubi wayarsa tun kafin ya wanke fuska, ba a haife shi da wannan ba. Ya koya ne, ko da yake ba zai iya tuna ranar da ya koya ba.

Yawan abin da sabo ya ci daga cikin rayuwarmu ya wuce yadda muke zato. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Wendy Wood, ta yi bincike tare da abokan aikinta, aka buga shi a 2002. Sun sa mutane su riƙa rubuta abin da suke yi a kowace sa'a, da abin da ke cikin zuciyarsu a lokacin. Sai aka tarar daga kashi 35 zuwa kashi 43 cikin 100 na ayyukansu, ana yin su ne kusan kullum, a wuri guda, hankali kuwa yana can wani wuri dabam. Ke nan fiye da sulusin abin da mutum ke yi a yini, sabo ne ke tafiyar da shi.

Kowane sabo yana da gaɓa uku. Da farko akwai abin da ke ta da shi: lokaci, ko wuri, ko abokin zama, ko wani yanayi na zuciya kamar gajiya da ɓacin rai. Sa'an nan aikin kansa. Daga ƙarshe sai ɗan daɗin da ke biyo baya, wanda shi ke sa a sake. Mai shan taba, alal misali, gama cin abinci shi ke ta da shi, kunna sigari shi ne aikin, ɗan sukunin da yake ji shi ne ladan. In an maimaita wannan sau dubu, sai ya zama kamar turbar da ƙafa ta fitar a cikin gona. Ba wanda ya zauna ya shata ta, amma kowa ya zo ita zai bi, domin ta fi sauƙin tafiya. Turba kuwa in an daina bin ta ciyawa takan rufe ta, in aka dinga bin wani wuri sabuwa takan fito. Sai dai a lura, tsohuwar tana nan a ƙarƙashin ciyawa, shi ya sa wanda ya shekara da barin abu yakan koma masa a rana ɗaya in ya yi sake.

ABIN DA MAGABATA SUKA FAƊA

Wannan muhawara ta daɗe. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe mata babi guda a cikin littafinsa Ihya'u Ulumid Din. A zamaninsa ma akwai masu cewa hali ba ya sauyawa. Ya mayar musu da cewa da haka ne, da wa'azi da nasiha da tarbiyya duk sun zama aikin banza. Ya kawo misalin doki mai tutsu da ake horarwa har ya bi linzami, da shaho da kare da ake koya wa farauta. In dabba tana karɓar horo, yaya za a ce ɗan Adam mai hankali ba ya karɓa? Hanyar da ya nuna ita ce mutum ya tilasta wa kansa aikin da yake so ya zama halinsa. Marowaci ya dinga bayarwa ko da ransa ba ya so, har bayarwa ta zame masa jiki, kamar yadda mai koyon rubutu yake wahala da alƙalami kafin hannunsa ya faɗa. Bai ce za a tumɓuke fushi ko kwaɗayi daga zuciya ɗungum ba. Abin da ya ce shi ne ana iya sa musu linzami.

A ƙasashen Turai kuwa, William James na Jami'ar Harvard, a littafinsa na ilmin halayyar ɗan Adam da ya fito a 1890, ya yi bayani mai kyau a kan sabo, amma ya tafi a kan cewa yawancin mutane halinsu yakan daskare da sun kai shekara 30. Wannan ra'ayi ya yi daidai da karin maganarmu ta zanen dutse, kuma an daɗe ana riƙe da shi. Sai a 2006 Brent Roberts da abokan aikinsa suka tattara sakamakon bincike 92 da aka bi mutane shekara da shekaru ana auna halinsu. Suka tarar hali yana ci gaba da sauyawa bayan shekara 30, har cikin tsufa, musamman wajen natsuwa da riƙon amana da kula da aiki. Lalle sauyin ya fi sauri a ƙuruciya, saboda haka masu cewa a tanƙwara icce yana ɗanye ba su yi ƙarya ba. Amma ƙofar ba ta rufe a kowace shekara.

ƘWAƘWALWA BA TA DAINA KOYO

A birnin Landan, kafin a ba mutum izinin tuƙa tasi irin ta gargajiyar garin, sai ya haddace tituna wajen 25,000, abin da kan ɗauke shi shekara uku zuwa huɗu. Eleanor Maguire, wata masaniyar ƙwaƙwalwa a Jami'ar Landan, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar irin waɗannan direbobi, ta bayyana a 2000 cewa sashen da ke riƙe taswirar wurare ya fi girma a wajensu, kuma iyakar daɗewar mutum a aikin, iyakar girman sashen. Aka ce watakila da ma haka aka haife su. Sai aka bi sababbin masu koyo tun daga ranar da suka fara, aka bayyana a 2011 cewa waɗanda suka ci jarrabawar sashen ya ƙaru a ƙwaƙwalwarsu, waɗanda suka faɗi kuwa bai ƙaru ba. Waɗannan duka magidanta ne, ba yara ba.

Tarihi ma ya shaida haka. Alƙaffal na birnin Marwa, wanda ya rasu a 1026, maƙerin kwado ne har ya kai shekara 30, sa'an nan ya juya ga karatun fiƙihu, ya zama babban malamin mazhabar Shafi'i a ƙasar Khurasan. A nan ƙasarmu, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jajoji, galibinsu dattijan mata, suna zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma ƙauyuka su karantar. A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi Yaƙi da Jahilci, inda manoma da 'yan kasuwa masu furfura suka zauna a gindin bishiya suka koyi karatu da rubutu. A 1980 Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya, wadda hukumar UNESCO ta ba lambar yabo a 1983. A ƙasar Kenya kuwa, bayan gwamnati ta mayar da ilmin firamare kyauta a 2003, wani dattijo mai suna Kimani Maruge ya shiga aji ɗaya a 2004 yana da shekara 84, ya zauna a benci ɗaya da sa'o'in jikokinsa. A 2005 ya yi jawabi a taron Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ilmi.

RIBAR DA AKE SAMU KO DA AN MAKARA

Wani zai ce, to na ji ana iya sauyawa, amma mene ne amfanin sauyin ga wanda ya riga ya ɓata shekara talatin? Wannan tambaya ita ce ta fi hana manya motsi, kuma akwai amsarta a ƙididdige.

A 1951 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka fara bin lafiyar likitocin Ingila maza fiye da 34,000, aka ci gaba da bin su har shekara 50. Sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna masu shan taba sun rasa wajen shekara 10 na rayuwa in aka gwada su da waɗanda ba su sha. Amma wanda ya bari yana da shekara 30 ya ceto kusan dukkan goman nan. Wanda ya bari a 40 ya ceto wajen tara, wanda ya bari a 50 wajen shida, wanda kuwa bai bari ba sai a 60, shi ma ya ceto wajen shekara uku. Rai a hannun Allah yake, babu mai musun wannan, amma an hore mu da riƙon sababi. Shekara uku kuwa ba abin rainawa ba ce ga wanda yake da 'ya'ya a makaranta.

Misali na biyu ya shafi ciwon sukari, wanda ya yawaita a tsakanin masu aikin zama a ofis. A Amurka an ɗauki mutum 3,234 da suke gab da kamuwa da ciwon, aka kasa su uku. Kashi ɗaya aka ba su maganin metformin, kashi ɗaya ƙwayar da babu magani a cikinta, kashi na uku kuwa aka koya musu gyara cin abinci, da rage kashi 7 cikin 100 na nauyin jiki, da motsa jiki kamar tafiya da sauri na minti 150 a mako. Sakamakon ya fito a 2002. Magani ya rage kamuwa da kashi 31 cikin 100, gyaran ɗabi'a ya rage da kashi 58. Abin da ya fi dacewa da batunmu shi ne, a cikin waɗanda suka kai shekara 60 ko suka haura, raguwar ta kai kashi 71. Watau tsofaffi sun fi matasa cin moriyar sauyin. Minti 150 a mako kuwa bai wuce rabin sa'a a rana biyar ba, kwatankwacin tafiya a ƙasa daga gida zuwa kasuwa a dawo.

YADDA AKE KAFA SABON SABO

Yanzu sai mu juya ga yadda ake yi, domin mutane da yawa suna da niyya, hanya ce ta ɓace musu.

Abu na farko shi ne a fara da kaɗan, kuma da abu ɗaya. Mai ɗaura niyyar barin taba da rage tumbi da haddace littafi da tara kuɗi duk a mako guda, ya ɗauki kayan da za su karya shi. Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar Amurka, ya jera halaye 13 da yake son ya mallaka, amma ɗaya tak yake fuskanta a kowane mako, yana riƙe da ɗan littafi da yake ɗiga alama a duk daren da ya ga ya saɓa. Ɗalibin da ya lizimci shafi 10 a kowace rana zai karanta shafi 3,650 a shekara, watau littafi 12 masu shafi 300. Da yayyafi kogi kan cika.

Na biyu, a yanke lokaci da wuri tun kafin a fara. Peter Gollwitzer, wani masani Bajamushe, ya nuna a 1999 cewa wanda ya ce in kaza ta faru zan yi kaza, ya fi cika alkawarinsa bisa ga wanda ya ce kawai zan yi ƙoƙari. Mu kuwa muna da sa'a a nan, domin yininmu a yanke yake da ma. Wanda ya ce zai yi tafiyar rabin sa'a bayan sallar asuba, ko zai duba darasin ranar tsakanin magariba da lisha, ko ba zai buɗe jarida a ofis ba sai ya gama da fayil uku na farko a kan teburinsa, ya ɗaure sabon aiki a jikin tsohon turke, ba ya bukatar mai tuna masa.

Na uku, a gyara wuri da abokan zama, domin ƙarfin zuciya kaɗai yakan gaji. A lokacin yaƙin Biyetnam, wajen kashi 20 cikin 100 na ƙananan sojojin Amurka da aka bincika sun ce sun kamu da jarabar hiroyin da dangoginta. Hukuma ta tsorata da abin da zai faru in sun koma gida. Amma binciken Lee Robins, wanda ta fara bayyanawa a farkon shekarun 1970, ya nuna wajen kashi 5 cikin 100 kawai na waɗanda suka kamu ne suka koma wa jarabar a shekarar farko bayan dawowarsu. Ɗaya daga cikin manyan dalilan shi ne sun rabu da wurin, da abokan, da tsoron da ke ta da sabon. Kakanninmu sun faɗi wannan a taƙaice da suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ke son barin caca sai ya sauya majalisa. Ɗalibin da waya ke cinye wa dare sai ya kwana da ita nesa da shimfiɗarsa. Adashi ma a kan wannan hikima ya tsaya: rana sananniya, adadi sananne, da idon jama'a da ke hana mutum zillewa. Ma'aikacin da ya sa banki ya riƙa cire kashi ɗaya cikin goma na albashinsa a ranar da ya shigo, ya fi wanda ke jiran ragowar ƙarshen wata, domin ragowar ba ta zuwa.

Na huɗu, in za a bar mugun sabo, a nema masa magaji. Abin da ke ta da shi yana nan, bukatar da yake biya tana nan, saboda haka in an bar gurbin a buɗe tsohon baƙo ne zai dawo. Mai kunna sigari bayan abinci sai ya tashi nan take ya yi asuwaki ya ɗan taka. Mai zuwa majalisar gulma saboda kaɗaici sai ya nemi ajin yamma ko ƙungiyar taimakon unguwa, inda zai sami mutane ba tare da cin naman kowa ba.

Na biyar, a yi haƙuri da lokaci. Akan ji ana cewa kwana 21 ya isa a kafa sabo. Asalin wannan magana wani likitan fiɗa ne, Maxwell Maltz, da ya rubuta a 1960 cewa majinyatansa sukan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamanninsu, daga baya mutane suka yar da kalmar aƙalla. Phillippa Lally da abokan aikinta a Jami'ar Landan sun bi mutum 96 har mako 12, aka buga sakamakon a 2009. Matsakaicin lokacin da sabon aiki ya ɗauka kafin ya zama jiki shi ne kwana 66, wasu kwana 18, wasu kuwa lissafi ya nuna sai sun kai kwana 254. Sun kuma gano cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Abin da ke rushe shi shi ne mutum ya ce tun da na fasa jiya shi ke nan na kasa. Wanda ya yi tuntuɓe ranar Talata, ya tashi ranar Laraba ya ci gaba.

IYAKAR WANNAN MAGANA

Wajibi ne in ja hankali a kan abu biyu, don kada a ɗauki maganata fiye da inda ta tsaya. Na ɗaya, akwai matsalolin da suka fi ƙarfin niyya. Wanda jikinsa ya kamu da kodin ko tiramol ko giya, yana bukatar likita, domin yanke wasu abubuwan farat ɗaya yana da haɗari. Mai hawan jini ko ciwon sukari kuma kada ya ajiye maganinsa don ya fara tafiyar safe. Na biyu, ba kowace wahala ce laifin mai ita ba. Tsadar abinci, da jinkirin albashi, da rashin aikin yi, ba sabon mutum ɗaya ne ya kawo su ba, kuma zalunci ne a ce wa matalauci halinsa ne kaɗai ya talauta shi. Sai dai ku da ke riƙe da ofisoshin gwamnati ku tuna cewa hukuma ma tana da sabo. Zuwa aiki a makare, da ajiye fayil ɗin ɗan fansho har wata uku, da kiran taro ƙarfe goma a fara shi ƙarfe goma sha biyu, duk turba ce da ƙafafu suka fitar. In shugaban sashe ya lizimci zama a kujerarsa ƙarfe takwas, ba da daɗewa ba na ƙasa da shi za su bi sawu.

KAMMALAWA

Shugaba, jama'a, in muka koma ga tambayarmu, amsar ita ce halitta tana da wuyar sauyawa, sai dai a sa mata linzami, amma sabo koyonsa aka yi, kuma ana iya koyon wani a madadinsa a shekara 20 ko a shekara 70. Ku ɗalibai, kuna lokacin da icce yake ɗanye, abin da kuka saba da shi a ɗakunan kwanan nan shi za ku kai ofis da gidajen aurenku. Ku ma'aikata, doka ta yanke wa yawancinku shekara 35 a bakin aiki ko shekara 60 da haihuwa, bayan nan kuwa akwai sauran rayuwa, wadda za ta dogara a kan lafiyar da kuka tattala da abin da kuka ajiye da sana'ar da kuka koya tun yanzu.

Roƙona shi ne kowa ya fita daga wannan zaure da abu ɗaya, ƙarami, wanda ya san lokacinsa da wurinsa. Ya rubuta shi a takarda yau da dare, ya gaya wa mutum ɗaya da yake jin kunyarsa, ya fara gobe da safe, ya kuma ba shi wata uku kafin ya yanke masa hukunci.

 Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.